Santimita da Giram, ko Mita da Kilogiram: Wanne Ɗalibin Kimiyya Zai Riƙe?

Wata rana a ɗakin gwaje-gwaje na miƙa wa wata ɗaliba guntun alminiyam, na ce ta gano mini cunkosonsa, wato nauyinsa idan an raba shi da girman wurin da ya cinye. Ta ɗora shi a kan sikeli, ya nuna giram 54. Ta zuba ruwa a kwalbar awo har layin mililita 50, ta saki guntun a hankali, ruwan ya hau zuwa 70. Ke nan ya cinye wurin mililita 20. Ta raba 54 gida 20, ta samu 2.7. Aikin nan babu aibu a cikinsa ko kaɗan. Amma da ta buɗe jadawalin da ke bayan littafinta, sai ta ga an rubuta 2,700 a gaban alminiyam, kafin in iso teburinta ta riga ta soke amsarta.

Ita da littafin duk sun yi daidai. Ita ta yi magana da giram da santimita, littafin ya yi magana da kilogiram da mita. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata akwai zaɓi a nan, kuma ga dalilin da ya sa ake ɗaukar wannan a bar wancan. Tsari uku ne ɗalibi zai ci karo da su a littattafai da kayan aiki: tsarin inci da laba, tsarin santimita da giram da sakan wanda ake taƙaitawa da CGS, sai tsarin ƙasa da ƙasa na mita da kilogiram da sakan wanda ake kira SI. Biyun ƙarshe 'yan gida ɗaya ne, kuma a tsakaninsu ainihin ruɗanin yake.

Bari in fara sallamar na farkon, don shi hukuncinsa ba wuya.

Inci 12 ne ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1,760 mil ɗaya. Oza 16 ce laba ɗaya. Kowane mataki da nasa adadin, sai an haddace. Idan aka tambaye ka inci nawa ne a mil guda, dole ka nemi takarda ka ninka har ka kai 63,360. Idan kuwa aka ce santimita nawa ne a kilomita, sifiri kawai za ka jera, 100,000. Ga kuma matsalar suna ɗaya mai ma'ana biyu: galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila lita 4.546. Wanda ya karanta "galan" a takarda bai san inda aka rubuta ta ba, zai iya kuskure da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Kuma tsarin nan ba ya tsaye da ƙafarsa ma. Tun yarjejeniyar 1959, inci ɗaya santimita 2.54 ne cif, laba ɗaya kuma kilogiram 0.45359237. Wato ko mai auna katako da inci, da mita yake awo ta bayan fage. Haɗa tsarin biyu a aiki ɗaya kuwa ya taɓa jawo babbar asara. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter dab da isarsa duniyar Mars, saboda wata manhaja tana fitar da ƙarfin tunkuɗa a ma'aunin laba, wata kuma tana karanta alƙaluman a matsayin niyuton, ma'aunin ƙarfi na SI. Bambancin ninki 4.45 ne, kuma ya isa ya sa kumbon ya yi ƙasa fiye da kima. Shawarata a kan inci da laba gajera ce: ka san su don karatu, domin za ka gan su a girman bututu da allon waya da tayar mota. Ka riƙe 2.54 da 0.454 a ka. Amma kada ka shigar da su lissafin kimiyya, ka juya su tun a layin farko.

To, mu koma kan 'yan gida ɗayan nan.

Asalinsu Faransa ne. A 1791 masanan ƙasar suka yanke cewa mita ɗaya za ta zama kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu, ta kan birnin Paris. Masana taurari biyu, Delambre da Méchain, suka shafe shekaru daga 1792 suna auna ƙasa tsakanin Dunkirk da Barcelona don fitar da wannan tsawo. Hikimar da ta fi burge ni a aikin mutanen nan ita ce yadda suka ɗaure awo da awo ta hanyar ruwa. Ɗauki akwati mai santimita 10 a tsawo, 10 a faɗi, 10 a zurfi: cikinsa lita ɗaya ke nan. Cika shi da ruwa, nauyin ruwan kilogiram ɗaya ne, ko dab da haka. Ƙaramin akwati mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare kuwa mililita ɗaya yake ɗauka, ruwan cikinsa giram ɗaya.

Tambayar da ta rage ita ce, a cikin wannan dangi wanne za a ɗauka tushe? A shekarun 1870 masanan Birtaniya, ciki har da Maxwell da Kelvin, suka goyi bayan santimita da giram da sakan. A 1901 wani injiniya ɗan Italiya, Giovanni Giorgi, ya nuna cewa mita da kilogiram da sakan, idan an ƙara musu ma'auni ɗaya na lantarki, sun fi dacewa. Ra'ayinsa ne ya yi rinjaye daga baya, har aka tabbatar da SI a 1960.

Ba na son a raina santimita da giram, domin inda suke da ƙarfi suna da shi ƙwarai. Su ne daidai hannun ɗan Adam. Duba teburin gwaji: rula santimita 30 ce, sikelin giram yake nunawa, kwalbar awo da sirinji mililita suke ɗauka. Ganyen da ɗalibi zai auna, ƙusa, ɗan dutse, garin sinadari a bakin cokali, duk a wannan sahu suke. Idan ka tilasta wa yaro ya rubuta girman guntun alminiyam ɗin nan da mita kubik, wato akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, 0.00002 zai rubuta, kuma wannan lamba ba ta nuna masa komai a zuci. Santimita kubik 20 kuwa yana iya ƙiyasta ta da yatsunsa.

A batun cunkoso ma babu kamarsu. Tunda ruwa 1 ne, kowace lamba tana faɗa maka labari nan take. Alminiyam 2.7, ƙarfe wajen 7.9, zaiba 13.6, zinariya 19.3. Ƙanƙara 0.92 ce, ba ta kai ɗaya ba, shi ya sa take yawo a saman ruwa. Ɗalibi ya ga 0.8 a gaban wani mai, ba sai an gaya masa cewa zai taso sama ba. Haka nan a ilimin sinadarai, giram da mililita ake aiki da su kullum: mol ɗaya na ruwa, wato awon da ake ƙirga yawan ƙwayoyin sinadari da shi, giram 18 ne, kuma babu mai amfana da a ce masa kilogiram 0.018.

Matsala tana farawa ne da zarar ƙarfi ko makamashi sun shigo lissafin. A nan tsarin biyu suke rabuwa, kowanne da 'ya'yansa. A SI, ƙarfin da zai ƙara wa kilogiram ɗaya saurin mita ɗaya a sakan cikin kowane sakan shi ne niyuton ɗaya. Niyuton ɗaya ya tura abu tsawon mita ɗaya, an yi aikin jul ɗaya. Jul ɗaya a kowane sakan shi ne wat ɗaya. Niyuton ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya shi ne faskal, ma'aunin matsi. Dukkansu da ɗaya ake ninkawa, babu wani adadi da za a cusa a tsakani. CGS ma yana da nasa, dain ga ƙarfi, erg ga makamashi, kuma su ma sun jitu da juna. Sai dai ƙanana ne ainun: dain 100,000 ne niyuton ɗaya, erg miliyan 10 ne jul ɗaya.

Gwada wannan ka gani. Mota mai kilogiram 1,000 tana gudun kilomita 72 a awa. Raba 72 da 3.6, ka samu mita 20 a sakan. Makamashin motsinta rabin nauyi ne sau sauri sau sauri: rabin 1,000 sau 20 sau 20, jul 200,000. A CGS motar giram miliyan ɗaya ce, saurinta santimita 2,000 a sakan, amsar kuma erg tiriliyan 2. Lissafin bai ɓaci ba, amma wa zai ƙirga sifiri goma sha biyu a ɗakin jarrabawa bai zubar da ɗaya ba?

Lantarki ne ya yanke gardamar gaba ɗaya. Bolt sau ampiya yana ba da wat, kuma wat ɗin nan shi ne dai jul ɗaya a sakan da muka samu daga tura abu. Ƙwan fitila mai wat 60 yana shan jul 60 kowane sakan, kana iya kwatanta shi kai tsaye da aikin injin da ke ɗaga kaya. A CGS kuwa lantarki ya rabu gida-gida, akwai tsari na cajin da ke tsaye, akwai na maganaɗisu, kowanne da ma'aunansa, kuma babu wanda ya yi daidai da bolt da ampiyar da ke rubuce a jikin batir da soket. Masu binciken taurari da wasu masana har yau suna amfani da erg da gaus, ma'aunin maganaɗisu na CGS, a rubuce-rubucensu, amma su sun san abin da suke yi, kuma wannan ba hanyar mai farawa ba ce.

Abin da na fi gani a takardun ɗalibai ba zaɓen CGS ba ne, ba kuma zaɓen SI ba. Gauraya ce. A tambaye su ƙarfin da ƙasa take jan dutse mai giram 500, sai yaro ya rubuta 500 sau 9.8, ya samu 4,900, ya lanƙaya masa niyuton. Giram ɗin na gida ɗaya ne, 9.8 ɗin na wani gida, domin mita ce a cikinta: saurin mita 9.8 a sakan ne jan ƙasa yake ƙara wa abin da ke faɗowa cikin kowane sakan. Amsar da ya samu ba niyuton ba ce, ba dain ba ce. Da ya mai da giram 500 kilogiram 0.5 tun farko, da ya samu niyuton 4.9. Niyuton 4,900 kuwa nauyin kaya mai kilogiram 500 ne, abin da mutum ba zai iya ko motsawa ba, ga shi an jingina shi ga dutsen da ake riƙewa a tafin hannu. Nakan ce wa ɗalibi, kafin ka ja layi a ƙarƙashin amsa, ka tambayi hannunka ko ya yarda.

A nan ya kamata in ɗan ratse, saboda kalmar "nauyi" tana ɗaukar abu biyu a bakinmu, kimiyya kuwa ta raba su. Kilogiram yana auna yawan abin da jiki ya ƙunsa, kuma wannan ba ya canjawa ko ina ka kai shi. Niyuton yana auna jan da ake yi wa jikin. Mutum mai kilogiram 60, ƙasa tana jan sa da kimanin niyuton 588. A kan wata kilogiram 60 ɗinsa na nan, amma jan ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin shida. SI ya ba kowanne sunansa daban, shi ya sa ruɗanin yake raguwa. A tsarin laba kuwa suna ɗaya ake kiran su da shi, sai an yi ƙarin bayani.

Yanzu ga ramin da ya fi cin mutane, wanda ɗalibar nan ta tsaya a bakinsa. Kowa ya san mita ɗaya santimita 100 ce. Daga nan sai a ɗauka murabba'in mita ma murabba'in santimita 100 ne, mita kubik ma haka. Ba haka ba ne. Zana murabba'i mai mita ɗaya a ƙasa, layi ɗaya na gefensa zai ɗauki ƙananan murabba'ai 100, kuma layukan 100 ne, jimla 10,000. Idan akwati ne, irin wannan shimfiɗa sau 100 za a ɗora bisa juna, jimla miliyan ɗaya. Na zauna da ita muka bi shi a hankali. Santimita kubik ɗaya na alminiyam giram 2.7 ne. Mita kubik ɗaya tana ɗauke da irinsa miliyan ɗaya, wato giram 2,700,000. Raba da dubu, kilogiram 2,700. Ta dubi jadawalin, ta dubi amsar da ta soke, ta sake rubuta 2.7 ɗinta, wannan karon da ma'aunin a gefensa. Ƙa'idar da ta fito mai sauƙi ce: daga giram a santimita kubik zuwa kilogiram a mita kubik, ninka sau dubu. Ruwa 1 a can, 1,000 a nan. Kuma wannan dubun ba abin hadda ba ne kawai, tankin da yake mita ɗaya ta kowane ɓangare lita 1,000 yake ci, ruwan cikinsa tan guda.

Lita kanta ba ta cikin ainihin ma'aunan SI, an dai amince a yi amfani da ita tare da su, kamar minti da awa da tan. Don haka idan lissafinka zai ƙare da faskal ko jul, litar ma sai ta koma mita kubik.

Zafi shi ma yana da irin wannan zaɓi, ko da yake ya fi sauƙi. Ma'aunin Faranhait, mai daskarar da ruwa a 32 ya tafasa shi a 212, a ajiye shi tare da inci. Tsakanin Salsiyos da kelbin, ma'aunin zafi na SI, kuwa girman taki ɗaya ne, wurin farawa ne ya bambanta: sifirin Salsiyos shi ne kelbin 273.15. Idan bambancin zafi kake nema, kamar ruwan da ya tashi daga digiri 20 zuwa 50, talatin ne ko da wanne ka auna, kuma kowane kilogiram na ruwan zai sha kimanin jul 4,200 a kan kowane digiri. Amma idan za ka ninka ko ka raba zafin kansa, kamar a dokokin iskar gas, kelbin ne dole. Iskar da aka ɗumama daga digiri 20 zuwa 40 ba ta ninka girmanta ba. Daga kelbin 293 ta tafi 313, ƙarin bai wuce kusan kashi 7 cikin ɗari ba. Wanda ya yi lissafin da Salsiyos zai ce ta ninka biyu.

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake karkata ga SI, wanda ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Shi ne tsarin da duniya take kula da tushensa. Tun ranar 20 ga Mayu 1875, da ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita, akwai ofishi a Sèvres kusa da Paris da aikinsa ke nan. Daga 1889 kilogiram wani ɗan curin ƙarfe ne na filatinam da iridiyam da ke ajiye a can, sauran ƙasashe suna riƙe da kwafinsa. Da aka riƙa gwada su bayan shekaru, sai aka ga sun fara saɓa wa juna da ɗan abin da bai kai ƙwayar yashi ba, kuma ga masu awo wannan babban lamari ne. Sannu a hankali aka ɗauke ma'aunan daga kan abubuwan da hannu ya ƙera. A 1967 aka ɗaure sakan da kaɗawar ƙwayar zarrar siziyam sau 9,192,631,770. A 1983 mita ta zama nisan da haske yake ci a cikin sarari fanko a kashi ɗaya cikin 299,792,458 na sakan. Ranar 20 ga Mayu 2019 kilogiram ma ya bar curin ƙarfen nan, ya koma kan adadin Planck, wata lamba ta halitta da ba ta canjawa. Ma'aunai bakwai ne tushen: mita, kilogiram, sakan, ampiya, kelbin, mol da kandela mai auna ƙarfin haske. Santimita da giram, har da inci da laba, duk daga nan suke samun ƙimarsu.

To, me za a zaɓa? Ga yadda nake koyarwa, kuma ban ga abin da ya fi shi ba. Ka auna da abin da kayan aikinka ya nuna. Rula ta ce santimita 12.4, rubuta haka, kada ka juya a ka, domin a nan kuskure yake ɓuya. Idan tambayar ta tsaya a tsawo, ko girman ruwa, ko cunkoso, ko haɗa sinadarai, ka zauna a santimita da giram da mililita, sun ishe ka, kuma lambobinsu sun fi kusa da abin da idonka yake gani. Da zarar ka hango niyuton, jul, wat, faskal ko bolt a ƙarshen hanya, ka tsaya ka ware layi guda ka mai da komai mita da kilogiram da sakan kafin ka taɓa ninkawa ko rabawa. Dain da erg kuwa ka san su don kada tsohon littafi ya ruɗe ka, ba don ka yi aiki da su ba.

Ga malamin da ke koyar da ƙananan aji, ina ganin kuskure ne a fara da jadawalin kilo, hekto, deka, desi, santi, mili a sa yara su rera. Hekto da deka da wuya su sake haɗuwa da su. Uku ne masu aiki kullum: kilo dubu, santi ɗaya cikin ɗari, mili ɗaya cikin dubu. Maikro da mega za su zo a lokacinsu. Gara a ba yaro tef ɗin awo ya auna tsawon teburinsa, ya ɗaga kwalbar ruwa mai lita ɗaya ya ji yadda kilogiram yake a hannu, a yanka kwali a haɗa ɗan akwatin santimita 10 a gabansa a juye masa litar a ciki. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai ce mita kubik lita ɗari ce ba.

Sai batun rubuta alamomin, wanda ake ɗauka ƙaramin abu. Ƙaramin m a gaba mili ne, babban M mega ne, don haka tsakanin mW da MW akwai ninki biliyan ɗaya. Kilogiram da ƙaramin k ake rubuta shi, kg, babban K na kelbin ne. Alamar da aka ciro daga sunan mutum da babban baƙi take farawa, N da J da W da Pa. A lissafin magani, miligiram da maikrogiram ninki dubu ne tsakaninsu, kuma a nan ran mutum ne a kan layi ɗaya na rubutu. Ni a ajina lamba ba ta zuwa ita kaɗai. Wanda ya rubuta mini 2.7 ko 2,700 babu ma'auni a gefe, nakan mayar masa da takardarsa ya ƙarasa, ko da lissafinsa daidai ne daga sama har ƙasa.